LSD: Ɗigon Da Ke Juya Hankalin Mutum

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu masu karanta wannan mujalla, in kun duba dokar 1989 wadda ta kafa hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta Nijeriya, watau NDLEA, za ku tarar an kama sunan abubuwa uku ƙarara: hodar iblis, da LSD, da hiroyin. Ta farko da ta ƙarshe kowa ya sha jin labarinsu a rediyo. Ta tsakiyar ce ba kasafai ake zancenta a wajenmu ba, sai dai a finafinan Turawa da intanet, inda sa'o'ina suke tsintar rabin labari. Abin da suke tsinta kuwa shi ne wai LSD ba ta kama mutum kamar taba ko kodin, kuma wai ba ta kisa. Akwai gaskiya a cikin wannan magana, shi ya sa take saurin shiga kunnen yaro. To, ni ragowar rabin labarin nake so in kawo.

LSD ba tsiro ba ce kamar wiwi ko zaƙami, haɗa ta ake yi a ɗakin binciken kimiyya. Amma tushenta daga gona yake. A Turai akwai wani hatsi dangin alkama da ake kira rayi, wanda wata cuta mai kama da burtuntuna take kamawa. A maimakon ƙwayar hatsi, sai wani baƙin abu kamar ɗan ƙaho ya fito a zangarniya. Sunansa agot. Danginsa suna kama gero da dawa a ƙasarmu, ko da yake ba iri ɗaya ba ne da na rayi. A zamanin da, in talakawan Turai suka ci burodin garin da ya gauraya da agot, sai jijiyoyin jininsu su tsuke, yatsu su yi baƙi su ruɓe, waɗansu kuma su yi ta sanƙarewa da sambatu. Amma ungozomominsu sun lura ɗan kaɗan daga cikinsa yana sa mahaifa ta tsuke. Daga nan ne likitoci suka samo allurar agometirin, wadda har yanzu ake yi wa mai jego don tsayar da zubar jini.

Wani masanin haɗa magunguna mai suna Albert Hofmann, ma'aikacin kamfanin Sandoz a birnin Basel na ƙasar Suwizalan, yana cikin masu binciken agot. A 1938 ya haɗa wani sinadari, na 25 a jerin waɗanda yake gwadawa, yana fatan zai zama maganin ƙarfafa numfashi da gudun jini. Aka gwada a kan dabbobi ba a ga abin kirki ba, aka ajiye. Bayan shekara biyar, ranar 16 ga Afrilu, 1943, ya sake haɗa shi, sai ya ji jiri da wani irin baƙon yanayi har ya bar aiki ya tafi gida. Ya zargi sinadarin, saboda haka ranar 19 ga wata ya sha mikirogiram 250 da gangan, yana ganin ai wannan bai kai ya yi kome ba. Ashe ya sha wajen ninki goma na abin da ke fara taɓa mutum. Lokacin ana Yaƙin Duniya na Biyu, an taƙaita hawa mota, sai mataimakiyarsa ta raka shi gida a kan keke. Da isarsa kayan ɗaki suka riƙa sauya kama a idonsa, maƙwabciyar da ta kawo masa madara ya gan ta kamar mayya, ya kuma tabbata mutuwa zai yi ko kuwa ya haukace. Likita ya zo ya duba shi sarai, bai sami kome ba sai baƙin idonsa da ya buɗe ƙwarai. Washegari ya tashi garau. Mutumin nan sai da ya shekara 102 a duniya, ya rasu a 2008.

Bari mu tsaya a kan kalmar mikirogiram, don a nan abin mamakin yake. In aka raba giram ɗaya gida miliyan, kashi ɗaya shi ne mikirogiram. Ƙwayar farasitamol da ake ba mu a ɗakin shan magani tana da maganin da ya kai mikirogiram 500,000. LSD kuwa mikirogiram 100 ya isa ya hana babban mutum sanin inda yake har tsawon yini. Watau LSD mai nauyin maganin da ke cikin farasitamol guda za ta juya hankalin mutum 5,000, ka ga an tashi makarantu da dama ke nan. Ba ta da wari, ba ta da launi. Saboda ƙanƙantarta ne masu sayarwa suke ɗiga ta a kan takardar tsotse tawada, su yanka ƙanana-ƙanana, ko rabin kan sarki ba su kai ba.

To, yaya ɗan wannan abu yake aiki? A darasin sanin halittu mun koyi cewa jijiyoyin ƙwaƙwalwa ba a manne suke da juna ba, akwai ɗan tsakani. Da sinadarai suke aika wa juna saƙo. Kowane sinadari kamar makulli yake, a jikin jijiyar da ke karɓar saƙo kuwa akwai kwaɗon da ya dace da shi. Ɗaya daga cikin waɗannan sinadarai shi ne sirotonin, wanda ke da hannu a barci da jin yunwa da yanayin zuciya. Siffar LSD ta yi kama da ta sirotonin, saboda haka takan shiga kwaɗunansa, musamman wanda masana suka laƙaba wa 5-HT2A, mai yawa a ɓawon ƙwaƙwalwa inda ake tunani da fassara abin da ido da kunne suka kawo. An tabbatar da haka ta hanyar ba mutane wani magani mai toshe wannan kwaɗo kafin a ba su LSD, sai aka ga kusan ba ta yi musu kome ba.

Hanta tana narkar da rabin LSD da ke cikin jini a awa uku zuwa huɗu, amma aikinta yakan kai awa 8 zuwa 12. A 2017 masana a Jami'ar North Carolina ta Amurka suka ɗauki hoton LSD a cikin ɗaya daga kwaɗunan sirotonin, suka ga wani sashe na kwaɗon yana rufe ta kamar murfin tukunya, ba ta fita da wuri. Suna ganin wannan yana cikin dalilan daɗewarta. A 2016 kuma, a kwalejin Imperial ta Landan, an ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mutum 20 da aka ba su LSD. Aka ga sassan da a da kowa harkarsa yake yi sun shiga magana da juna barkatai. Ni abin da ya zo mini a rai shi ne ɗakin cin abinci ranar da babu firifet: kowa na magana, ba mai sauraron wani.

Abin da mai sha yake ji yakan fara cikin minti 20 zuwa awa guda. A jiki ba wani abu mai yawa ba ne: baƙin ido ya buɗe, zuciya ta ƙara bugawa, jini ya ɗan hau, ga gumi ko tashin zuciya, barci kuma ya ƙaurace. A hankali ne ake yin ɓarnar. Launuka su ƙara haske, bango ya riƙa motsi kamar yana numfashi, minti guda ya zama kamar awa. Waɗansu sukan ce suna ganin sauti ko suna jin launi. In abin ya yi ƙarfi mutum yakan rasa iyaka tsakaninsa da abin da ke kewaye da shi, har ya manta ko shi wane ne. Waɗansu sun ce sun ji daɗi da natsuwa, ba zan ɓoye wannan ba. Waɗansu kuwa tsoro ne ya rufe su irin wanda ba su taɓa ji ba. Mutum ɗaya yana iya samun wannan yau, gobe ya sami wancan, gwargwadon abin da ke ransa da wurin da yake. Kuma in ta fara, ba a cewa na fasa.

Kada a haɗa ta da zaƙami. Shi wani sinadarin ƙwaƙwalwa dabam yake toshewa, mai shansa yakan yi hira da mutanen da babu su, ya farka bai tuna kome ba, kuma gubarsa tana kisa kai tsaye. Mai shan LSD galibi ya san ƙwaya ce ke aiki, kuma yakan tuna abin da ya gani.

Yanzu mu koma ga rabin labarin nan. Gaskiya ne LSD ba ta sa ciwon jiki da kyarma in an daina, kamar yadda hiroyin ke yi. Hasali ma in mutum ya sha kwana uku ko huɗu a jere sai ta daina yi masa aiki, don ƙwaƙwalwa takan rage yawan kwaɗunan. Gaskiya ne kuma da wuya gubarta kaɗai ta kashe mutum. Amma wanda bai san nisa da kusa ba, bai san sama da ƙasa ba, mota tana iya kaɗe shi, yana iya faɗowa daga bene ko ya faɗa ruwa. Na biyu, wanda ke da taɓin hankali kwance a jikinsa, ko a danginsu, LSD tana iya tayar masa da shi. Irin wannan ciwo kuwa a shekarun samartaka ya fi bayyana, watau daidai shekarunmu, kuma yaro ɗan shekara 16 bai san abin da ke kwance a kansa ba. Na uku, akwai 'yan kaɗan da idonsu ba ya komawa daidai: su riƙa ganin ɗige-ɗige ko inuwar abu tana bin sa, wata da watanni bayan sun sha.

Da farko ba haramtacciya ba ce. Daga 1947 Sandoz ya riƙa ba likitocin ƙwaƙwalwa ita da sunan Delysid, aka gwada ta a kan dubban marasa lafiya, har da mashaya giya a Kanada. Hukumar leƙen asirin Amurka, CIA, ita ma ta sa hannu. A 1953 ta fara wani shiri na ɓoye mai suna MKUltra, tana neman hanyar sarrafa tunanin mutane, har ta riƙa ba waɗansu LSD ba da saninsu ba. A cikinsu akwai wani masanin kimiyya na soja, Frank Olson, wanda aka zuba masa a abin sha a watan Nuwamba na shekarar. Bayan kwana tara ya faɗo daga tagar otal a New York ya mutu. Sai a 1975 asiri ya tonu, Shugaba Ford ya ba iyalinsa haƙuri. A ganina wannan ya fi kome muni a tarihin ƙwayar, domin mai sha da kansa ya san dalilin abin da yake gani, amma wanda aka zuba wa sai dai ya ɗauka haukacewa ya yi.

Daga baya ta fita daga hannun likitoci ta shiga hannun samari. Wani malamin Jami'ar Harvard, Timothy Leary, wanda aka sallama a 1963, ya yi ta kiran matasa su sha. Nan fa hukumomi suka tashi. Jihar Kalifoniya ta haramta ta a 1966, a 1970 kuma Amurka ta sa ta a rukuni na ɗaya, na ƙwayoyin da doka ta ce ba su da amfanin magani. Ingila ta sa ta a aji mafi tsanani a dokarta ta 1971, inda mallaka ke iya jawo ɗaurin shekara 7, sayarwa kuwa har rai da rai. A 1971 ɗin ne Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi yarjejeniya a birnin Biyana, ta hana amfani da ita sai don bincike da magani a ƙarƙashin tsaro. Dokarmu ta 1989 ta tanadi ɗaurin rai da rai ga mai shigo da ita ko haɗa ta ko sayar da ita, mai mallaka ko sha kuwa shekara 15 zuwa 25. Ɗan aji biyar da aka kama da 'yar takardar nan, ko mafi ƙarancin hukunci aka yi masa, sai ya haura shekara talatin zai fito.

Akwai masanan da ke ganin kuskure ne a jera LSD da hiroyin, tun da aikinsu da illarsu ba ɗaya ba ne, kuma haramcin ya tsayar da bincike shekaru da yawa. Ni ma ina ganin suna da hujja ta wajen bincike. Tun 2014 Suwizalan take ba waɗansu likitoci izini na musamman su yi amfani da ita ga marasa lafiyar da sauran magunguna suka gaza, a Amurka kuma an yi gwaje-gwajenta a kan ciwon fargaba. Sai dai a can ana tantance mutum tukuna, a cire mai tarihin taɓin hankali, a auna maganin daidai, likita kuma ya zauna tare da shi har ta sake shi.

Takardar da ake sayarwa a ɓoye ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ba ma lalle ne LSD ce a kanta ba. Akwai wani sinadari mai suna 25I-NBOMe, wanda aka fara haɗawa a wata jami'a a Balin ta Jamus a 2003. Shi ma a mikirogiram yake aiki, shi ma a kan irin takardar nan ake ɗiga shi, a sayar da sunan LSD. Amma shi yana sa farfaɗiya da zafin jiki mai tsanani da bugun zuciya barkatai, kuma ya kashe matasa a Amurka da Turai da Ostareliya, har Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa shi cikin jerin haramtattu a 2015. Da ido ba a bambanta takardun biyu, sau da yawa kuma shi kansa mai sayarwar bai san wadda ke hannunsa ba.