Darasi: Yadda Ake Canza Sarƙar Keke Idan Ta Tsinke

Ƴan'uwa manoma, keke jakin zamani ne. Shi ke kai tumatir da albasa kasuwa, shi ke ɗauko taki, shi ke kai mara lafiya asibiti. A wani rangadi na cibiyoyin yaƙi da jahilci, na tarar da wani mai lambu a bakin Gulbin Maradi, sarƙar kekensa ta tsinke, ga kwandon tumatir a baya. Kafin ya tura keken zuwa kasuwa, rana ta dafa kayan. Da daddare ne, da mai naƙuda a gida, da abin ya fi haka muni. Saboda haka yau za mu koyi wannan gyara.

Me ke tsinka sarƙa?

Rairayi da ƙurar hunturu sukan haɗu da mai, su riƙa cin ƙusoshin da ke haɗa gaɓoɓin sarƙa. Tsatsar damina da kaya mai nauyi suna ƙara mata rauni. Sai ta saki, ta fara zamewa, daga baya ta tsinke.

Ga yadda za ka gane ta tsufa. Ka ja ta ta miƙe, ka auna daga ƙusa ta 1 zuwa ta 21. Sabuwa tana da santimita 25 da milimita 4. Idan ta kai santimita 25 da milimita 7, lokacin canji ya yi.

Kayan aiki

Sabuwar sarƙa irin ta kekenka tare da mahaɗinta, sufana, filaya, guduma, ƙusar kafinta mai dakusasshen baki, noti ɗaya, tsumma da man inji. Ka tafi wurin mai saidawa da tsohuwar, domin sarƙar keke mai giya ta fi ta keken noma siranta.

Yadda ake aikin

1. Ka kifar da keken bisa sirdi da kansa. In sarƙar tana da murfi, ka cire shi.

2. Ka sassauta notocin ƙafar baya, ka tura ƙafar gaba kaɗan, ka zare tsohuwar sarƙa.

3. Ka ƙirga gaɓoɓin tsohuwar, har da wadda ta karye. Kada ka gwada da tsawo, domin tsohuwar ta miƙe.

4. In sabuwar ta yi yawa, ka ɗora ƙusar gaɓar da za ka raba a kan ramin noti, ka buge ta da ƙusar kafinta da guduma har ta fita. Bakunan sarƙar biyu su ƙare da siririyar gaɓa.

5. Ka ɗora sarƙar bisa haƙoran babban faranti na feda da ƙaramin na ƙafar baya.

6. Ka zura mahaɗin cikin bakunan biyu, ka sa murfinsa, ka danna maƙallinsa da filaya. Rufaffen gefen maƙallin ya fuskanci inda sarƙar ke tafiya idan ana tuƙi. In ka juya shi, yana iya ficewa a hanya.

7. Ka ja ƙafar baya, ka daidaita ta tsakiya, ka ɗaure notocin. In ka danna sarƙar a tsakiya, ta motsa kamar santimita 1. In ta ɗaure tamau za ta ci haƙora, in ta saki za ta zame.

8. Ka ɗiga mai a kowace gaɓa, ka share na waje da tsumma don kada ya kama rairayi. Ka gwada birki kafin ka hau.

Gargaɗi

In haƙoran ƙaramin faranti sun yi tsini kamar ƙaya, ka canza shi, in ba haka ba zai lalata sabuwar sarƙa. Kada yaro ya juya feda hannunka na kusa da haƙora. In ka ji ciwo, ka wanke da ruwa mai tsabta da sabulu; in ya yi zurfi, ka je asibiti saboda cutar sandarewar jiki da ke shiga ta rauni. Ka riƙa tafiya da mahaɗi guda a aljihu. Hausawa sun ce, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Tambayoyi

1. Nawa ne awon sabuwar sarƙa daga ƙusa ta 1 zuwa ta 21?
2. Don me ake ƙirga gaɓoɓi?
3. Ina rufaffen gefen maƙalli zai fuskanta?

Ku rubuta amsa, ku kai wa malaminku. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.