Darasi na Tara: Sauƙaƙa Manhajar Shirya Filashin Tayar da Kwamfuta

Gabatarwa

Kafin a girka wa kwamfuta babbar manhaja, wato wadda ke tafiyar da dukkan ayyukanta, dole ne a tayar da ita daga wani abu na waje. A da faifan CD ake amfani da shi, daga baya filash ya maye gurbinsa. A wannan darasi za a dubi yadda aka rage ayyukan wata manhaja mai shirya irin wannan filash domin ta daina ba da matsala.

Tsohon Tsari

Ubuntu babbar manhaja ce ta dangin Linux, wadda kamfanin Canonical ya fara fitarwa a 2004. A 2008 aka sanya mata wata ƙaramar manhaja mai suna Startup Disk Creator. Aikinta shi ne ta buɗe fayil ɗin Ubuntu da aka sauko da shi daga intanet, ta kwashe abin da ke cikinsa zuwa filash, sannan ta dasa wa filashin wata 'yar manhajar tayarwa mai suna Syslinux. Haka kuma tana iya ware wani fili da zai riƙa adana ayyukan mutum ko da an kashe kwamfutar.

Matsalar tana wajen dashen nan. Manhajar takan ɗauki Syslinux daga kwamfutar da ake aikin a kanta, alhali sauran fayilolin tayarwa daga sabon Ubuntu suke. Idan zubinsu ya bambanta, sai su ƙi jituwa. Mutum zai ga aiki ya kammala lafiya lau, ya ɗauki filashi ya tafi, sai ya jona shi a wata kwamfutar sannan ta cije da saƙon kuskure. Wannan ya fi kowace matsala muni, domin ba ta bayyana sai a lokacin da ake buƙatar filashin, wataƙila ma bayan kwamfutar da za a gyara ta riga ta mutu.

Sabon Tsari

Tun daga 2011 ake shirya fayil ɗin Ubuntu ta yadda zai iya tayar da kwamfuta daga faifai ko daga filash, ba tare da an ƙara masa komai ba. Saboda haka a fitowar Ubuntu 16.04 ta 2016, sai aka bar wa manhajar aiki guda: ta kwafe fayil ɗin yadda yake, daga farkonsa har ƙarshensa, zuwa kan filash. Da yake ba a haɗa zubi biyu, babu abin da zai saɓa.

Sai dai an yi hasara. Filin adana ayyuka ya tafi, wanda ke son sa sai ya nemi wata manhajar kamar mkusb. Kuma duk abin da ke kan filashin sharewa yake yi. Wannan na biyun ne ya kamata malami ya fi jaddada wa ɗalibansa, domin sau da yawa filashi guda ne ke ɗauke da takardun mutum duka.

Jinga

1. Bayyana dalilin da ya sa filashin tsohon tsari kan ƙi tayar da kwamfuta.
2. Wace riba aka samu, wace hasara aka yi a sauyin 2016?
3. Tsara yadda za ka bayyana wa 'yan ƙaramar sakandare ma'anar "tayar da kwamfuta" da Hausa.