Launukan Da Ke Ɓoye Cikin Hasken Rana

Idan ruwan sama ya ɗauke da la'asar, sau da yawa bakan gizo yakan fito ta gabas. Wasu kan ce shi ne ya shanye ruwan. Amma bakan gizo ba ya shan ruwa. Hasken rana ne ya ratsa ɗigon ruwan da ke sama, sai ya rabu kashi-kashi. Shi ya sa ba a ganinsa sai mutum ya ba rana baya.

Hasken rana fari ne a ido, amma akwai launuka a cikinsa. A shekarar 1666 wani masani ɗan ƙasar Ingila mai suna Isaac Newton ya gwada wannan. Ya rufe ɗaki ruf, ya bar 'yar kafa ɗaya a taga. Hasken da ya shigo ta kafar, sai ya tare shi da wani gilashi mai kusurwa uku. Nan take launuka suka bayyana a bango: ja, ruwan goro, rawaya, kore, shuɗi, launin baba irin na marina, da shunayya. Da ya sake haɗa su wuri ɗaya, sai suka koma fari.

Daga nan ake gane abin da ya sa kowane abu yake da launinsa. Haske yana faɗa wa abu, abin ya shanye wasu launuka, ya maido da wasu. Wanda ya maido shi ne ido ke gani. Ganyen dawa yana shanye yawancin ja da shuɗi, da ƙarfinsu yake haɗa abincin shuka. Kore ne ya fi maidowa, shi ya sa gona take kore shar. Farar riga tana maido da kusan duk hasken. Baƙar riga kuwa shanye shi take yi, ya zama zafi. Ashe manomin da ya zaɓi farar taguwa a bazara ya san abin da yake yi.

Haka kuma mai sayen atamfa ya kula. Hasken fitila ba ya ɗauke da launuka daidai yadda hasken rana yake ɗauke da su. Zanen da ya yi kyau da dare yana iya sauya kama da safe. Gara a fito da shi waje a duba kafin a biya kuɗi.

To, mene ne ya bambanta ja da shuɗi? Haske yana tafiya ne kamar igiyar ruwa, irin wadda ake gani idan an jefa dutse a tafki. Wata igiyar doguwa ce, wata gajera. Igiyar ja ta fi tsawo, ta shunayya ta fi gajarta. Duk da haka ƙanana ne ƙwarai. Sai an jera igiyar ja wajen 100 kafin ta kai kaurin silin gashi ɗaya. Dukkansu gudunsu ɗaya ne a sararin samaniya, kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa guda. Cikin minti 8 da 'yan daƙiƙoƙi hasken rana yake isowa duniya.

Abin mamaki shi ne, wannan iyali babba ne, kuma kaɗan daga cikinsa ido ke gani. Wanda ya saba kama tasha a gajeren zango ya san ana cewa mita 31 ko mita 49. Wannan tsawon igiyar rediyo ake nufi. Ita ma 'yar'uwar haske ce, tsawo kawai ta fi shi. Hoton ƙashi da ake ɗauka a asibiti ma da irin wannan igiya ake yinsa, amma gajera sosai, har tana ratsa tsoka. Wani Bajamushe, Wilhelm Röntgen, ya gano ta a 1895.

Dab da ja akwai wani haske da ba a gani, sai dai a ji ɗuminsa, kamar yadda ake jin ɗumin garwashi daga nesa. William Herschel ne ya gano shi a 1800, da ya ajiye ma'aunin zafi gaba da inda ja ya ƙare, ya ga ya hau.

Wanda ke gaba da shunayya shi ne abin yi wa hattara. Shi ma ba a ganinsa, amma yana ƙona fata da ido. Yana cikin hasken rana, yana kuma fita da yawa daga wutar walda. Yaron da ya tsaya kallon mai walda ba zai ji komai ba a lokacin. Sai cikin dare ya tashi da hawaye, kamar an zuba masa yashi a ido. Mai walda ya sa garkuwar fuska mai baƙin gilashi, tabarau na ado bai isa ba. Zabiya kuma fatarsa ba ta da kariya sosai, don haka yana bukatar malafa da riga mai dogon hannu, kuma iyaye su rage tura shi aiki a tsakar rana. Kallon ƙwayar rana kai tsaye yana iya lalata ido har abada, ko da a lokacin husufi ne.

Mai son ganin launukan nan da idonsa ba sai ya jira damina ba. A zuba ruwa a faranti mai ɗan zurfi. A jingina ƙaramin madubi a ciki, rabinsa a ruwa, yana fuskantar rana. A juya shi a hankali har haskensa ya faɗa kan farin bango ko farar takarda a inuwa. Idan ruwan ya natsa, launukan za su fito a jere. A kalli bangon kawai, kada a kalli cikin madubin.