KAYAN MAMACI A ƘASAR HAUSA: TSAKANIN SADAKA DA GWANJO

Gabatarwa

Masu nazarin al'adun Hausawa sun yi rubuce-rubuce da dama a kan mutuwa, tun daga wankan gawa da sutura, har zuwa zaman makoki, da sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, da kuma takabar wata huɗu da kwana goma. Haka nan malaman fiƙihu ba su rage kome ba game da rabon gado. Amma akwai wani ɗan sarari tsakanin waɗannan fagage biyu wanda ba a cika leƙa shi ba, watau abin da kan sami ƙananan kayan mamaci, kamar riguna da huluna, da buta da buzu, da keke da rediyo, ko kwanoni da tasoshin ɗakin mace, tun daga ranar da aka kai shi makwanci har ranar da aka zauna rabo. Gida da gona ba su da ƙafa, duk ran da aka waiwaye su suna nan. Ƙananan kaya su ne kan sulale ɗaya bayan ɗaya, kuma yawanci da kyakkyawar niyya ake fitar da su.

Hanyoyi biyu ne kayan kan bi su bar gida: ko a bayar da su sadaka, ko a sayar. Bahaushe yana yabon ta farko, yana jin kunyar ta biyu. Abin da wannan ɗan nazari zai yi ƙoƙarin nunawa shi ne, idan aka ɗora al'adar a kan ma'aunin shari'ar da Bahaushen kansa yake bi, sau da yawa wadda ake jin kunyar ita ce ta fi kusa da adalci.

Kayan wa?

Tilas ne mu fara da wannan tambaya, domin harshen kansa yana iya ruɗar da mu. Mukan ce “kayan mamaci”, ko “rigar marigayi”, sai ka ce har yanzu shi ke da su. A mazhabar Malikiyya kuwa, wadda littattafanta irin su Risala ta Ibn Abi Zaid da Muhtasar na Shaihu Halil su ne abin karatu a zaurukanmu, da zarar rai ya fita mallaka ta yanke. Abin da aka bari ya zama tarika, kuma hakkoki ne ke hawa kanta bi da bi. Za a fara cire abin da aka kashe wajen suturar gawa, sa'an nan a biya bashi, sa'an nan a zartar da wasiyya muddin ba ta wuce sulusi ba kuma ba magaji aka yi wa ba. Abin da ya saura shi ne na magada, bisa kason da aka bayyana a Suratun Nisa'i, aya ta 11 da ta 12 da ta 176. In matar mamaci tana da ciki, Malikawa sun ce a dakatar da rabo har ta sauka.

Mai karatu ya lura, a wannan jeri babu gurbin da aka ware wa “sadakar kaya”. In marigayi bai yi wasiyya da ita ba, to, duk wanda ya ɗauki rigarsa ya ba wani, daga dukiyar magada ya bayar.

Bari mu buga misali da lissafi, ko da yake ɗaliban Hausa ba mu cika son lissafi ba. A ɗauka mutum ya rasu ya bar mata ɗaya, da mahaifiyarsa, da 'ya'ya maza biyu da mace ɗaya, dukkansu ƙanana. Matar tana da tumuni, watau kashi ɗaya cikin takwas, wanda aka fi sani da tumunin takaba. Mahaifiya tana da sudusi, ɗaya cikin shida. Ragowar ta 'ya'ya ce, namiji ya ɗauki rabon mata biyu. In aka kasa dukiyar kashi 120, matar ta sami 15, mahaifiya 20, kowane ɗa 34, 'ya kuma 17. To, a ce a cikin adakarsa akwai babbar riga mai aiki wadda kuɗinta ya kai naira 120,000, sai ƙanen marigayi ya ɗauke ta ranar sadakar uku ya miƙa wa limamin unguwa domin ladan ya isa kabari. A wannan riga ɗaya, naira 85,000 na marayu ne. Jama'a za su watse suna yabon ƙanen da zumunci, alhali ko zare ɗaya ba shi da shi a cikinta, tunda ɗa namiji yana katange ɗan'uwa daga gado. Aya ta 10 ta surar nan kuwa kowa ya san irin gargaɗin da ta yi a kan dukiyar maraya.

Abin da ke sa a gaggauta bayarwa

Ba daidai ba ne a ɗauka cewa masu yin haka mugaye ne. Dalilansu sanannu ne, kuma duk wanda aka taɓa yi wa rashi ya san nauyinsu. Akwai son a isar wa mamaci da lada tun ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba. Akwai kuma zafin ganin kayan: matar da ke takaba a ɗaki, ga hular mijinta rataye a ƙusa, ga takalmansa a bakin ƙofa, ba abin mamaki ba ne ta ce a kawar mata da su. A wurare da yawa al'ada ce a ba wanda ya yi wankan gawa tufafin da aka cire wa mamaci, wani lokaci har da tabarma ko zanen da aka yi jinya a kai. Wannan yana da ɗan sauƙi, domin ana iya lissafa shi cikin ladan aikin sutura in bai wuce kima ba. Sa'an nan akwai tsoro, wanda ba a cika faɗa a fili ba. Wasu ba su iya sa rigar wanda suka san ya mutu, suna ganin kamar mutuwar tana maƙale a jikinta, saboda haka sai a nemi almajiri ko baƙo wanda bai san mai ita ba. Dalili na ƙarshe, wanda ni a ganina ya fi sauran ƙarfi a birane, shi ne ganin ido. Gidan da aka san shi da rufin asiri ba ya son a ce ya tsaya ƙirga hulunan mahaifinsa.

Shari'a ba ta rufe ƙofar alheri ba. Aya ta 8 ta Suratun Nisa'i ta yi umurni da a ɗan ba dangi da marayu da miskinai wani abu in sun halarci wurin rabo. Sai dai a lura, a wurin rabo aka ce, watau lokacin da kowa ya san nasa. Baligi mai hankali yana da ikon ya kyautar da kasonsa duka in ya ga dama. Wasiyyin maraya kuwa an ba shi ikon ya saya masa ya sayar masa domin amfaninsa, amma ba a ba shi ikon ya yi kyauta da dukiyarsa ba.

Gwanjo

Kalmar gwanjo baƙuwa ce, daga Yarabanci muka aro ta, inda “gbanjo” ke nufin cinikin da ake yi a bainar jama'a, kowa na taya kaya, wanda ya fi tsoka ya ɗauka. Da wannan ma'ana ta shigo Hausa, kuma har gobe akan ce hukuma ta yi gwanjon motoci. Daga baya sai ma'anarta ta faɗaɗa ta koma sunan tufafin da aka riga aka sa, waɗanda ake kawowa dila-dila daga Turai da Amurka, irin waɗanda suka cika kasuwar Ƙofar Wambai a Kano. Saboda haka kalmar ta ɗauki wari biyu, na karayar arziki da na kwance. Da an ce “an yi gwanjon kayan wane”, abin da mai sauraro zai fara kawowa shi ne bashi ya ci gidan.

A nan akwai wani abin dariya da ya kamata a ambata. Kaso mai yawa na tufafin nan na dila asalinsu sadaka ne. A Ingila, alal misali, ƙungiyoyin agaji irin su Oxfam, wadda ta buɗe shagonta na farko a birnin Oxford a ƙarshen shekarun 1940, suna karɓar tufafin da mutane suka bayar, har da waɗanda iyalai kan kwaso in sun zo share gidan wanda ya rasu. Abin da bai shiga a shagunansu ba sai a sayar wa 'yan kasuwa, su tantance, su ɗaure, su yo lodinsa zuwa Afirka. Ke nan saurayin da ya ƙi sa rigar baffansa don tsoro, yana iya zuwa kasuwa ya biya kuɗi ya sayi kwat ɗin wani mamacin da bai san sunansa ba. Sadakar wata ƙasa ita ce gwanjon wata.

Shi cinikin tayi ba abin ƙyama ba ne a shari'a. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito cewa Annabi (SAW) da kansa ya sa shimfiɗa da ƙoƙon wani mabuƙaci a tayi, har aka saye su dirhami biyu. Abin da aka hana shi ne najashi, watau mutum ya riƙa ƙara tayi ba da niyyar saye ba, sai don ya ruɗi wani. Amfanin tayi ga tarika a fili yake: shi ne ke fito da ainihin kuɗin kaya a gaban shaidu. Ba a iya yanka doki ko keken ɗinki kashi 120, amma ana iya kasa kuɗinsu har kwabo.

Inda ɓarna take shiga shi ne sayarwar ɓoye, wadda kunyar nan ce ke haifar da ita. Tunda ba a son a ga kayan a kasuwa, sai a kira dillaliya ta zo da dare ta ƙunshe zannuwa da tasoshi, ta bi gidaje da su, ta dawo da abin da ta ce an saya, ta cire la'adarta. Babu mai tayi na biyu, babu shaida. Ko kuwa wani babba a cikin dangi ya ce kada kayan su fita waje, shi zai saya, sa'an nan ya yanka wa kansa kuɗin da ya ga dama, wa zai yi ciniki da baffansa? Malaman Malikiyya sun hango wannan tun da daɗewa. A Muhtasar an hana wasiyyi ya sayi wani abu daga tarikar da ke hannunsa, in kuwa ya saya to hukuma ta bi cinikin ta duba. Abin da aka sassauta masa kawai shi ne abu mai ƙaramin kuɗi, aka buga misali da jakuna biyu, shi ma bayan an zagaya da su kasuwanni an ji iyakar tayinsu. In jaki sai an kai shi kasuwa kafin wasiyyi ya saya, ina ga mota?

Tsoron hukuma

Wani zai ce, me ya hana a kai wa alƙali tun farko? Amsar tana cikin tarihi. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a littafinsa Kitabul Farƙi, ya lissafa ƙwace dukiyar wanda ya mutu da sunan gado a cikin zaluncin sarakunan Hausa na zamaninsa. Bayan jihadi, har zuwa zamanin En'e, tarikar da ta je gaban alƙali akan cire mata ushira, kashi ɗaya cikin goma. Talakan da ya ga haka ba zai rasa dalilin rage kaya kafin a zo rubutawa ba, kuma babu hanyar ragewa da ta fi “mun yi sadaka da su” tsarki a baki. Ina kyautata zaton wani ɓangare na gaggawar da muke gani a yau ragowar wannan tsohuwar dabara ce, wadda ta rayu bayan dalilinta ya shuɗe.

Littattafan malamai

Akwai nau'in kaya guda wanda nake ganin bayarwa ta fi sayarwa da rabawa alheri a gare shi, shi ne littattafai, musamman rubutun hannu. Littafin Ajami ko na Larabci da ke cikin gafaka warƙoƙi ne a sake, ba ɗinki. In magada suka ce sai kowa ya sami tubarrakin mahaifinsa, sai a kasa littafi ɗaya gida uku, farkonsa ya tafi wani gari, ƙarshensa wani, tsakiyarsa gara ta cinye. In kuma aka kai kasuwa, kuɗin da za a samu bai taka kara ya karya ba. Duk ɗalibin da ya taɓa neman cikon wata tsohuwar waƙa ya ɗanɗani wannan takaici. Mafita ita ce hubusi, watau a tsayar da littattafan ga makaranta ko masallaci, ba a sayarwa ba a gado, ko a damƙa su ga wuraren adana irin su Gidan Arewa da ke Kaduna, wanda aka kafa a 1970. Amma ko a nan ƙa'idar ba ta canza ba: ko dai malamin ya yi hubusin da ransa, ko ya yi wasiyya da shi cikin sulusi, ko magada baligai su yarda, a kuma biya ƙanana kuɗin kasonsu.

Wannan hanya ta ƙarshe ita ce wasu gidaje ke bi a kan sauran kaya ma, kuma ba ta da wuya. Ran da aka share makoki sai a kira mutum biyu amintattu da wani dillali da ya san kasuwa, a fito da kome a rubuta, har wayar hannu da abin da ke cikin asusun banki, a yi wa kowane abu kuɗi. Wanda yake son a ba liman babbar riga sai ya ce a sa ta a kasonsa, a cire naira 120,000 daga abin da zai samu, sa'an nan ya ɗauka ya kai. In kasonsa bai kai ba ya cika daga aljihunsa. Ƙanen marigayi na misalinmu, wanda ba shi da kaso ko kaɗan, sai ya sayi rigar a kuɗin da dillali ya faɗa, a zuba kuɗin cikin tarika, ya kai wa liman da hannunsa.