Kafin a fasa bangon kicin, a tambayi mai girki

Bara, bayan damina ta ɗauke, wani Alhaji ya kira ni in duba masa kicin ɗin gidansa a nan Kano. Wata shida ke nan da gama gyaransa. Da na shiga sai da na tsaya kallo: kanta ta baƙin dutse mai sheƙi, kabad har rufi, farin tayil tas. Amma ko ƙamshin albasa babu. Na leƙa ta ƙofar baya, sai ga Hajiya a tsakar gida a kan kujera 'yar tsugunno, ta dafe tukunya da tsumma tana tuƙin tuwo a kan ƙaramin murhun gas da aka ajiye a ƙasa, rana na dukanta.

Bayan mun gaisa na ce, "Hajiya, ga sabon kicin, me ya fito da ke cikin rana?"

Ta ce, "'Yar nan, ke ma mace ce. Ɗora tukunyar tuwon mutum goma sha biyu a kan kantar can, ki tuƙa in gani."

Na ciro tef na auna. Tsayin kanta santimita 90, murhun da ke kanta ya ƙara 10, tukunya ta ƙara 30. Bakin tukunya ya kai santimita 130, wato daidai ƙirjinta. Tuƙin tuwo kuwa daga sama ake danna muciya, da nauyin kafaɗa da na baya. A wannan tsayin babu inda ƙarfin zai fito, kuma duk tsartuwar da talge ya yi a fuska zai sauka. Kafintan bai yi kuskuren awo ba, hoton da aka nuna masa a waya ya bi. Wadda za ta wuni a ɗakin ce ba a tambaya ba.

Aikina zanen gine-gine, kuma wannan matsalar ce nake yawan tararwa a gidajen da aka gyara. Maigida ya biya, magini ya fasa, kafinta ya ƙera, sai ranar da aka gama a kira uwargida ta zo ta ga kicin ɗinta.

Irin kicin ɗin nan da muke kwaikwayo yana da asali. A 1926, a birnin Frankfurt na Jamus, wata mai zane 'yar ƙasar Ostiriya, Margarete Schütte-Lihotzky, ta tsara ɗan kicin mai faɗin mita 1.9 da tsawon mita 3.4, aka yi irinsa a gidaje kusan 10,000. Kafin ta ja layi sai da ta nazarci yadda ake kai-kawo wajen girki da lokacin da kowane aiki ke ci. A shekarun 1940 kuma masana a Jami'ar Ilinoi ta Amurka suka fito da ƙa'idar da har yau ake koyar da mu: murhu da wurin wanke-wanke da firij su zauna kamar duwatsun murhu uku, tsakanin kowane biyu kada ya gaza mita 1.2, kada ya wuce mita 2.7. Ƙa'ida ce mai amfani, ina aiki da ita. Sai dai abincinsu suka kalla suka yi awonsu. Ba su san turmi ba, ba su san buhun shinkafa mai kilo 50 ba, balle tukunyar suna. Abin ɗauka a wurinsu shi ne kallon mai girki kafin a yi zane, mu kuwa sai muka ɗauko kabad ɗin muka baro wannan.

Shi ya sa ba na fara zane sai na zauna da matan gida, in da hali a lokacin girkin dare. Mutum nawa ake dafa wa? Mutum nawa ke shiga aiki lokaci ɗaya? Ana daka a gida ko niƙa ake kaiwa? Da azumi fa, da ake kunu da ƙosai da miya duk a tare? Amsar ita ke ba ni faɗin hanya. In mace ɗaya ce, santimita 105 tsakanin kanta da kanta ya isa. In biyu ne ko uku, kada ya gaza 120, don kada mai ɗauke da tafasasshen ruwa ta yi karo da wadda ta sunkuya.

Kantar yanka da haɗa miya ta zauna a santimita 85 zuwa 90, gwargwadon tsayin mai aiki, zurfinta 60. Amma a gefe guda, kusa da ƙofar baya, a gina 'yar dakali mai tsayin santimita 40 zuwa 50 don murhun manyan tukwane, a bar samanta babu kabad. Bulo kaɗan ne da siminti da tayil, kuɗinta bai kai na kabad ɗaya ba, amma ita ke sa a yi tuwo da dambu da alale a cikin ɗaki. Turmi kuma a ware masa wuri a baranda mai daɓen kankare, domin taɓarya na fasa tayil. Haka wankin manyan tukwane: kwanon wanke-wanke na kan kanta ba ya cin tukunya mai lamba 20. A sa famfo ƙasa-ƙasa a waje, da ɗan gurbi mai magudana.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, wato gas. Gas ɗin girki ya fi iskar da muke shaƙa nauyi, in ya yi yoyo ƙasa yake kwanciya kamar ruwa. Sau da yawa nakan buɗe kabad ɗin ƙarƙashin murhu in tarar an cusa tukunyar gas mai kilo 12.5 an rufe, wai don kada ta ɓata ado. A rufaffen wuri irin wannan gas ke taruwa cikin dare, da asuba wani ya kunna fitila ko ya ƙyasta ashana. Don Allah, lokacin gyara shi ne lokacin fitar da ita. A gina mata ɗan keji a bayan bango, a inuwa, mai ƙofar raga, a shigo da bututun jan ƙarfe ta cikin bango, a sa makunni inda hannu zai kai ba tare da an miƙa ta saman wuta ba. A bar 'yar kafar iska a ƙasan bangon kicin. In za a gwada yoyo, kumfar sabulu ake shafawa a mahaɗa a ga ko za ta yi ƙwai. Wuta ba ta cikin kayan gwaji. Wanda kuma zai riƙa amfani da gawayi, ya yi masa wuri a buɗaɗɗiyar rumfa, saboda hayaƙinsa na ɗauke da guba marar wari da ke kisa a rufaffen ɗaki.

Taga ma a yi mata tunani. Kada ta zama dab da bayan murhu, iska za ta riƙa kashe wuta, labule kuma haɗari ne. Saman wurin wanke-wanke ya fi dacewa da ita, sannan wata kafar a bangon da ke fuskantarta don zafi ya samu hanyar fita. Firij kada ya jingina da murhu ko da bangon yamma da rana ke gasawa daga azahar, a kuma bar masa tazara ta baya. Firiza mai murfin sama, wadda ake cikawa da naman layya, ita ce aka fi mantawa da ita a zane. Sai an gama a rasa inda za ta shiga, a kai ta falo.

Sai jerin aiki. Ruwa da magudana da waya su ne farko, tayil ya biyo, kabad a ƙarshe. Duk wanda ya juya wannan jerin zai fasa abin da ya biya. Bututun ruwan wanke-wanke ya samu gangare kamar santimita 2.5 a kowace mita, ya fita ta hanya mafi kusa, da ɗan rami mai murfi a waje inda za a riƙa kwashe maiƙo, domin kitse da manja na daskarewa a bututu da sanyin hunturu. Soket kada ya matso bakin kwanon wanke-wanke ƙasa da santimita 30. Murhun lantarki a ja masa layinsa shi kaɗai da waya mai kauri. In akwai sola a gidan, tun yanzu a ware layin firij, kada a bari sai an shafe bango. Katakon ƙasan wurin wanke-wanke kuma a guji na garin katako da aka matse, ɗigon ruwa kaɗan ke kumbura shi. Ni nakan sa a gina gindin da bulo, a ɗaga shi santimita 10 daga ƙasa saboda ruwan goge-goge da gara.

A gidan Alhaji ba mu rushe komai da yawa ba. Mun cire kabad biyu na kusa da ƙofar baya, muka yanke kantar, muka gina dakali mai tsayin santimita 45. Hajiya da kanta ta zauna a kujerarta ta riƙe muciya, na auna daga gwiwar hannunta kafin magini ya ɗora bulon ƙarshe. Tukunyar gas ta koma keji a waje, aka ja famfo zuwa baranda. Aikin kwana huɗu ne. Da na koma duba mahaɗar bututun da kumfa, na tarar da ita a ciki tana kwashe tuwo a leda, jikarta na tsaye a gaban kantar tana yanka kuɓewa.