FILIN MANOMA: Sunan Rafi Yakan Faɗi Halinsa

Manoma 'yan'uwa, yau za mu duba ƙananan ruwayen da ke bayan garuruwanmu, gama ga kaka ta gabato, masu niyyar lambu sun fara neman wuri.

Da farko mu bambanta su. Ƙorama ita ce ƙaramar hanyar ruwa wadda ke gudu da damina, ta ƙafe da rani. Ƙoramu su ke haɗuwa su yi rafi, rafuka kuwa su zuba cikin kogi, wanda Sakkwatawa da Katsinawa ke kira gulbi. Ƙasar da ruwan ke malala a kanta ita ce fadama.

Kowane rafi yana da inda ya nufa. Kubanni da ya bi ta Samaru yana zuba cikin Galma, Galma ta shiga Kogin Kaduna, shi kuwa ya tafi Kwara, har teku. Amma ruwan Kano gabas ya yi. Kogin Kano, wanda aka datse a Tiga cikin 1974, yana gamuwa da Calawa, su bi ta Wudil da Haɗeja, su nufi Tafkin Cadi. Watau abin da na sama ya yi wa ruwa, na ƙasa zai gani.

To, ina sunayen suka samo asali? Mutanen dā ba su raɗa wa rafi suna a banza. Akwai Rafin Yashi a Minna, da Rafin Guza a Kaduna, da Rafin Gora a ƙasar Kwantagora. Wannan don ƙasarsa, wancan don dabbar da ke cikinsa, ɗayan don itacen bakinsa. Kaduna kanta, bisa ga faɗar mutane da yawa, daga kada ta sami suna. Littafin Tarihin Kano ya nuna ana kiran Jakara Kurmin Baƙin Ruwa, saboda launin ruwanta da duhuwar da ta kewaye ta. Kurmin ya tafi, sai sunansa ya rage a kasuwar Kurmi, wadda aka kafa zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499.

Ga amfanin wannan ga manomi. In ka ji yashi cikin sunan rafi, tona cikinsa da rani, sau da yawa za ka tarar da ruwa kusa, ka kafa jigo. In ka ji kanwa, ɗanɗana ruwan, ka duba ko ƙasa tana yin fari-fari, don albasa ba ta son irin wannan wuri. In kuwa sunan itace ne, ka duba ba ka ga ko ɗaya ba, to, an sare su, gaɓa kuwa ta rasa mai riƙe ta.

Amma suna ba ya canzawa, ruwa yana canzawa. Jakara yanzu tana ɗauke da ƙazantar birni, rafin Getsi kuma yana kawo mata ruwan masana'antun Bompai. Don haka tambayi tsofaffi ma'anar suna, sa'an nan ka taka da ƙafarka, ka ga abin da ke zuba ciki daga sama.

Abu uku za ka kiyaye. Kada ka yi noma har bakin gaɓa. Bar 'yan taku, ka dasa jema ko gamba. Yi kunyarka a gicciye da gangare, don kada ruwa ya bi kwari ya kwashe taki. In ka ga kwazazzabo ya fara, tare shi da duwatsu da kirare tun yana ƙarami, gama icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Kuma ku hana yara wanka cikin kwantaccen ruwa, can ake ɗaukar tsargiya.

Allah ya ba mu rani mai albarka, amin.