Intanet ta Wayar Lantarki: Dalilan Nawarta da Hanyoyin Gano Su

Gabatarwa

A ƙasar noma ta arewacin Jihar Kano, kamar Ɗambatta da Makoɗa da Kunci da Bici, gida ɗaya yakan ƙunshi sassa da dama, kowane da katangarsa. Katangar ƙasa mai kauri da rufin kwano suna raunana saƙon Wi-Fi, ta yadda intanet ɗin da ke aiki a ɗakin maigida ba ta isa shagon samari a ƙofar gida. Haka abin yake a makarantar da ofishin shugabanta ke nesa da ɗakin kwamfuta. Tun daga 2015 da jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya, wannan matsala ta shafi makomar ɗalibi, domin wanda bai saba da kwamfuta ba yakan sha wuya ranar jarrabawa. Ɗaya daga cikin hanyoyin magance ta shi ne aika intanet ta cikin wayar lantarkin da ke jikin gini.

Yadda abin yake aiki

Ana amfani da adafta guda biyu. Ta farko ana jona ta a soket kusa da rauta, wato na'urar da ke karɓo intanet ta rarraba ta. Ta biyu kuma ana jona ta a ɗakin da ake bukata. Wutar lantarki a Nijeriya tana kai-komo sau 50 a sakan ɗaya. Ita kuwa adafta sai ta ɗora wani ɗan siririn saƙo a kan wannan wuta, mai kai-komo sau miliyan 2 zuwa miliyan 30 a sakan, ɗayar kuma ta tsamo shi. Tsarin HomePlug na farko, na 2001, yana ɗaukar megabit 14 a sakan. HomePlug AV na 2005 ya kai 200. Sai dai adadin da aka rubuta a jikin kwali na wayar da ba ta da aibi ne. A gida, abin da ake samu sau da yawa bai kai rabinsa ba, domin ba a yi wayar lantarki don ɗaukar saƙo ba.

Matakan bincike

Ƙa'idar ita ce ta kowane gwajin kimiyya: a sauya abu ɗaya a lokaci ɗaya, a auna gudun intanet, a rubuta sakamako.

Da farko, a auna a gindin rautar kanta. In a nan ma tana nawa, to adafta ba ta da laifi: ko data ta ƙare, ko sabis ya yi rauni, ko jama'a sun yi wa turken kamfanin waya yawa, kamar yadda yakan faru bayan magariba.

Na biyu, a kawo adaftocin ɗaki ɗaya, a jona su a soket biyu masu maƙwabtaka. In gudun ya kyautata, na'urorin lafiyarsu ƙalau, matsalar tana kan hanyar da ke tsakanin ɗakunan biyu.

Na uku, a tabbata kowace adafta a soket ɗin bango take kai tsaye. Inda wuta ke zuwa da rauni, mutane sun saba jona komai ta sitabilaiza. Naɗin wayar da ke cikinta yana barin wuta ta wuce, amma yana tare saƙo mai saurin kai-komo. Haka ma doguwar jona mai kariya daga tsawa: tana ɗaukar saƙon tamkar datti, ta tace shi.

Na huɗu, a nemi masu hayaniya. Cajar waya mai araha, da ƙwan fitila maras inganci, da injin jawo ruwa, da firji, da injin niƙa mai aiki da lantarki, duk suna zuba tarkacen saƙo a cikin waya. Misalin abin kamar mai magana ne a tsakiyar kasuwar Ɗambatta ranar da take ci: dole ya yi ta maimaita zance kafin a ji shi, kuma wannan maimaicin shi ne nawar. A cire kayan ɗaya bayan ɗaya ana aunawa. Wanda aka kama da laifi sai a nisanta shi da adafta.

Na biyar, a binciki layi. Ana rarraba wuta daga taransifoma ta layi uku, kuma babban gida ko makaranta na iya ɗaukar fiye da ɗaya. In adaftocin suna kan layi daban-daban, saƙon yakan ƙetara da ƙyar. Haka kuma in an mayar da wani sashe kan janareta ko inbatar sola, ɗayan sashen kuma yana kan wutar kamfani, to an raba hanyar gida biyu, saƙo ba zai wuce ba sam. Wannan shi ke sa intanet ta yi aiki da safe, ta ɓace da zarar an ɗauke wuta an tayar da inji.

Na shida, a duba mahaɗa. Wayar da aka murɗa da hannu aka naɗe da leda, ko soket mai kwance, ko tsatsar da laimar damina ta haifar, kowanne yana cinye wani kaso na saƙon. Wannan aikin mai gyaran wuta ne. Kada ɗalibi ya buɗe soket ko akwatin fis, domin wuta mai ƙarfin bolt 230 tana kisa.

Gwaji don aji

Malami na iya kawo rediyo mai batir, ya murɗa ta zuwa gajeren zango inda babu tasha, sannan ya kusantar da ita ga cajoji iri-iri da ke jone. Wadda ta fi sa rediyon ƙara ita ce ta fi damun adafta, domin gajeren zango da saƙon adafta a fage ɗaya suke. Ɗalibai su jera cajojin bisa ƙarar kowace, su kwatanta da gudun intanet da suka auna.

Kammalawa

Idan an bi matakan nan shida ba a ga sauyi ba, wayar ginin ce ba ta dace da aikin ba, kuma sayen adafta mai tsada ba zai gyara ta ba. Abin da ya fi a nan shi ne a ja wayar intanet ta musamman daga rauta zuwa ɗakin, wadda ke kai saƙo har mita 100 ba tare da ta damu da layi ko janareta ba. Kafin a kai ga kashe kuɗi dai, littafin rubutu da awa ɗaya na gwaji sun isa su nuna inda gizo ke saƙar.